Wane injin huda kankare mai batir ya dace da mai aikin hannu a Daura?

Wani matashi mai sana'ar ɗora sola da na'urar sanyaya ɗaki a Daura ya aiko da tambaya, yana cewa ya gaji da ɗaukar janareta zuwa duk gidan da aka kira shi aiki, don haka yana son ya sayi injin huda kankare mai aiki da batir. A kasuwa an nuna masa Makita da Bosch da DeWalt da Ingco, kowane mai shago yana yabon nasa, farashin kuma ya yi nisa da juna har ya rasa wanda zai kama. Yawancin aikinsa, in ji shi, huda bulo ne da lintal don kafa ƙarfen da ke riƙe inbata da batura, da huda bango don shigar da fayif, wani lokaci kuma da sassaƙa hanyar waya a jikin filasta.

Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin a zo kan sunan kamfani akwai abin da ya kamata ka tabbatar tukuna, domin a nan ne masu saye da yawa suke yin asara tun ba su bar shago ba. Injinan huda masu batir da ake ce maka suna da hama iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne mai baki mai haƙora uku da ake matsewa da hannu, irin wanda kafintoci ke ɗaura sukuru da shi. Bugun da yake yi daga wasu faya-fayan ƙarfe biyu masu tudu da kwari yake fitowa, waɗanda ke gogar juna idan injin yana juyawa, saboda haka bugun yana da yawa amma ba shi da nauyi, kuma sai ka danna da ƙirjinka kafin ya ci. Irin wannan zai huda bulo mai laushi, amma da zarar ya iske lintal ko ginshiƙin da aka zuba da tsakuwar dutse, sai ya yi ta kuka, bakin hudar ya ɗau zafi, batir ya ƙare, ramin kuma bai kai rabin yatsa ba. Na biyu, wanda shi ne ya dace da aikinka, yana da fistin a cikinsa da ke matsa iska, iskar kuma ta tura wani dunƙulen ƙarfe ya daki gindin bakin hudar kai tsaye, don haka injin ne yake fasa dutsen, kai kuwa riƙewa kawai kake yi. Alamarsa ita ce ba a ɗaure masa baki, cusa shi ake yi har ya yi ƙara ya zauna, kuma idan ka ja shi da hannu za ka ji yana ɗan zamewa gaba da baya. Wannan tsarin shi ake kira SDS-plus, kaurin gindinsa milimita 10 ne, kamfanin Bosch ne ya fito da shi a 1975, kuma yanzu duk kamfanonin da ka lissafa da shi suke amfani. Ke nan bakin huda na Bosch zai shiga injin Makita, na Ingco zai shiga DeWalt, kada wani ya ce maka dole sai ka sayi injin kaza don ka samu bakinsa. Akwai babban yayansa, SDS-max, mai gindin milimita 18, amma wannan na masu rushe dekin ne da manyan 'yan kwangila, ba ka da buƙatarsa.

Lambar da za ka fara nema a jikin kwali ita ce wadda harafin J yake bin ta, wato nauyin kowane bugu. Ga aikin fisha, wato robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama, da noti na milimita 6 zuwa 14, wanda shi ne mafi yawan abin da mai ɗora sola yake hudawa, injin da ke tsakanin 2J da 2.6J ya wadatar. Makita DHR242 yana da 2.0J kuma yana huda har milimita 24 a kankare, DeWalt DCH273 yana da 2.1J shi ma milimita 24, DeWalt DCH133 da Bosch GBH 18V-26 kuwa kowannensu 2.6J ne da milimita 26. Idan ka dubi waɗannan lambobi za ka ga tazarar da ke tsakanin manyan kamfanonin ba ta kai yadda ake zuzuta ta a bakin shago ba. Ramin milimita 10 a lintal, bambancin da za ka gani tsakaninsu 'yan daƙiƙoƙi ne. Abin lura shi ne manyan kamfanonin suna auna wannan bugu da ma'auni ɗaya da ƙungiyar masu ƙera irin waɗannan injina ta Turai, EPTA, ta tsayar, shi ya sa ake iya gwama lambobinsu da juna, alhali injin da ba a san gidansa ba yana iya rubuta 4J a kwali ba tare da kowa ya auna ba. Akwai kuma ƙananan injina irin Makita DHR171 mai 1.2J, mai daɗin riƙo idan mutum yana kan tsani yana huda sama da kansa, sai dai ba shi da matsayin cizal, wato bugu kaɗai na sassaƙa bango, huda kawai yake yi, don haka bai dace ya zama injinka tilo ba. Ka nemi mai matsayi uku a maɓallinsa: juyawa kaɗai, juyawa da bugu, da bugu kaɗai.

Lambar da ba za ka bari ta ruɗe ka ba kuma ita ce ta ƙarfin wuta. Za ka ga wani an rubuta 18V, wani 20V, mai shago kuma ya ce maka na 20V ya fi ƙarfi. Abu ɗaya ne. A cikin kowannensu ƙananan batura biyar ne aka jera, kowane ɗaya yana ba da 3.6V a lokacin aiki, jimla 18V, amma idan an cire shi daga caji nan take yana nuna kusan 4V, jimla 20V. DeWalt da kansa batirin da yake sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX shi ne yake sayarwa a Turai da sunan 18V XR, kuma kowane yana shiga injin ɗan'uwansa. Su kuwa waɗanda ake rubuta wa 88V ko 128V a jikin batirin da bai fi tafin hannu ba, wannan rubutu ne kawai na jan ido, kuma ya isa ya sa ka ajiye injin ka tafi shago na gaba.

To, idan ƙarfin huda ya yi kusa da juna haka, da me za a zaɓa? Da batir. Sayen injin batir kamar neman aure ne, ba yarinyar kaɗai ake dubawa ba, har da gidan da ta fito, domin da danginta za ka zauna. Batirin Makita ba ya shiga Bosch, na Bosch ba ya shiga DeWalt, kuma sau da yawa kuɗin batura biyu da caja yakan kai ko ya wuce kuɗin injin kansa. Ranar da ka so ƙara injin yankan ƙarfe ko na ɗaura sukuru ko fitilar aiki, za ka tarar hikima ita ce ka sayi gangar jikin kawai daga kamfanin da kake da batirinsa, ta haka kuma zaɓin da ka yi yau zai bi ka shekaru. Sannan batir shi ne abin da yake fara mutuwa. Injin kirki yana iya cinye batura zubi biyu ko uku kafin shi ya gaji, saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan batirina ya mutu ana tsakiyar aiki, ko maɓalli ya ƙone, ko robar da ke cikin fistin ta saki, a ina zan samu na asali, kuma cikin kwana nawa? Ga mutumin Daura amsar kusan kullum Kano ce, ka bi ta Kazaure ka shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ko kuma ka leƙa Katsina idan abin ƙarami ne. Duk kamfanin da ba za ka samu kayansa a waɗannan wurare ba sai an yi maka oda daga Legas ko daga waje, komai kyan sunansa, zai sa ka zaman jira mai gida yana kiran waya.

A cikin gida ɗaya ma akwai ɗakuna da ba sa shiga juna, kuma wannan ne yake kama masu sayen na hannu. Makita yana da jerin LXT na 18V wanda ya fara tun 2005, shi ne mai yawan injina da batura a kasuwa, amma yana da wani jerin 18V mai rahusa da ake kira G, wanda batirinsa ba ya hawa LXT, sannan ga sabon XGT na 40V wanda shi ma mazauninsa daban. Bosch yana da shuɗi na masu sana'a, mai rubutun Professional, da kore na aikin gida, dukansu 18V, amma batirin wannan ba ya shiga wancan, kuma shuɗin ne naka. DeWalt yana da tsofaffin injina masu batir mai dogon wuya da ake cusawa daga ƙasa, waɗanda ke yawan zuwa cikin kayan Beljiyam, kuma ba sa karɓar batirin zamani mai zamewa sai da wani mahaɗi. Akwai kuma tarkon caja: kayan da suka fito daga Amurka cajarsu ta 120V ce, wutarmu kuwa 230V, idan ka jona ta kai tsaye ƙonewa za ta yi nan take. Injin da batirin ba su da matsala, cajar ce kawai za ka duba bayanta ka karanta abin da aka rubuta kafin ka biya.

Game da kamfanonin su kansu, ga yadda nake ganinsu. Makita na ƙasar Japan shi nake fara nuna wa mai sana'a irin taka, domin a iya sanina masu gyara a Kano da Katsina sun saba buɗe cikinsa, batirin LXT kuma yana hawa injina masu yawan gaske. Cajarsa mai sauri, DC18RC, tana da fanka a ciki da ke hura iska ta cikin batirin yayin caji, tana cika na 5.0Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) cikin kusan minti 45, kuma ga mutumin da wuta ba ta daɗe masa, ko wanda zai roƙi a tayar masa da janareta na ɗan lokaci, wannan saurin ba ƙaramin abu ba ne. Yana kuma da cajar da ake jonawa a mota, DC18SE, mai amfani ga wanda yake fita aiki ƙauyukan Mai'aduwa ko Zango ko Sandamu. Bosch shuɗi na Jamus ba ya bayan Makita a fasa kankare, kuma GBH 18V-26 yana da wata dabara da ke kashe injin nan take idan bakin ya maƙale ya nemi murɗe hannun mai riƙe da shi. Wanda ya taɓa cin karo da rodi yana tsaye a matakin ƙarshe na tsani ya san darajar wannan. Idan ka samu dillalin da kake da yaƙinin kayansa na asali ne, kuma yana ajiye batura, ba zan hana ka Bosch ba ko kaɗan. DeWalt na Amurka injina ne masu ƙarfi, DCH133 ma yakan zo da sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da bugun da yake da shi, sai dai shi ne ya kamata ka fi tsananta bincike a kan caja da asalin batir, saboda yawancin abin da za ka gani na hannu ne. Milwaukee da Hilti kuwa babu mai musun ingancinsu, Hilti ma tun 1967 yake ƙera irin wannan injin mai fistin, amma ga mai aikin hannu a Daura ban ga dalilin shiga gidan da samun batirinsa zai zama tafiya ba.

Ingco da Total, na ƙasar Sin, su ne suka fi yawa a shagunanmu, kuma ban yarda da masu raina su ba. An yi su ne don matsakaicin aiki a farashin da mai farawa zai iya, suna da jerin batir nasu na 20V da ake kira P20S, kuma ana samun batirin da cajar ba tare da wahala ba, wanda shi ne ma'aunin da na ce ka riƙe. Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan kasuwa abin da ya fi cutar da mutane shi ne jabun da aka yi wa ado da babban suna. Sabon Ingco na gaskiya da rasit a hannu ya fi Makita na jabu nesa ba kusa ba, domin shi aƙalla abin da aka rubuta a jikinsa kamfani ne ya tsaya a bayansa. Idan aikinka rami goma ne ko ashirin a yini, yawancinsu a bulo, zai yi maka. Idan kuwa kullum kana cikin lintal da dekin, ko kana da yara masu karɓar injin daga hannu zuwa hannu, gara ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin ɗayan manyan. Kowanne ka zaɓa, ka nemi wanda aka rubuta wa Brushless, wato wanda motarsa ba ta da kabon, domin yana rage cin batir da ɗaukar zafi, kuma ya raba ka da canjin kabon.

Gane jabu yana da hanya mai sauƙi da mutane ba su cika amfani da ita ba, ita ce sikeli. Batirin 18V mai 5.0Ah ƙananan batura goma ne a cikinsa, layi biyu na biyar biyar, kowane ɗaya kuma nauyinsa ya kai kusan giram 45, ka ga tun kafin a sa kwanso da allon lantarki an kai giram 450. Na asali yana haura rabin kilo, yana kai wajen giram 600. A shagon kayan gini ba a rasa sikelin awon ƙusa, ka ɗora batirin a kai a gaban mai shago, idan an rubuta 5.0Ah ko 6.0Ah amma ya tsaya a giram 350, to ko dai layi ɗaya ne a ciki ko kuma batura ne marasa kirki. Ka kuma dubi farantin da ke jikin injin, na asali rubutunsa a tsaye yake, da lambar samfuri da lambar siriyal da ta dace da ta kwali, ka haɗa wannan da farashi, domin injin da aka ce Makita ne da batura biyu da caja da akwati a kuɗin da bai kai na batir ɗaya na asali ba ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne. Batirin jabu ba saurin ƙarewa kaɗai ne aibinsa ba, sau da yawa ba shi da kariyar da ke tsayar da shi idan ya ɗau zafi, kuma batirin litiyam idan ya kama wuta ba ya kasuwa da sauƙi.

Zafi kuwa a ƙasarmu ba abin wasa ba ne. A watannin Afrilu da Mayu yanayin Katsina da Daura yakan haura digiri 40, caja mai kyau kuma ba ta yarda ta fara aiki idan batirin ya yi zafi, sai ta yi ta ƙyafta fitila har ya huce. Matasa da yawa sukan ɗauka cajar ce ta lalace, alhali kare batirin take yi. Wannan shi ne dalilin da ya sa batir ɗaya ba ya isa, ko da babba ne: ka sayi biyu masu 4.0Ah ko 5.0Ah, ɗaya yana aiki ɗaya yana hucewa a inuwa kafin ya hau caji. Kada ka bar su a kan kwanon rufi lokacin da kake ɗaura fanel, ko a but ɗin mota da rana, kuma idan za ka yi makonni ba ka yi aiki ba ka ajiye su da kusan rabin caji. Ƙananan batura masu 1.5Ah ko 2.0Ah da ake haɗowa da wasu injina don farashi ya yi sauƙi, na ɗaura sukuru ne, a kan injin fasa kankare ba sa jimawa. Ƙurar hunturu da ƙurar siminti su ma suna da nasu aikin, suna shiga ta bakin injin su cinye ƙwallayen ƙarfen da ke riƙe bakin hudar, don haka ka riƙa goge gindin bakin ka shafa masa ɗan giris kafin ka cusa, kuma idan robar da ke rufe hancin injin ta yage ka canza ta da wuri, kuɗinta kaɗan ne. Ƙurar da ke fitowa daga ramin kankare kuma tana da garin dutse mai lalata huhu sannu a hankali, ka sa takunkumi mai kyau musamman idan kana huda sama da kanka a rufaffen ɗaki.

Saura batun sassaƙa hanyar waya da ka ambata, kuma a nan ne nake son ka rage buri. Batirin 18V mai 5.0Ah abin da yake ɗauke da shi wat 90 ne na awa guda. Idan muka ɗauka injin yana jan wat 450 yana bugu ba tsayawa, lissafi ya nuna minti 12 ke nan batirin ya ƙare. Huda rami ba ta cin haka, domin daƙiƙoƙi ne ka tsaya ka koma wani wuri, amma cizal aiki ne mai ɗorewa, yana zafafa batir da injin gaba ɗaya. Gyaran taƙi biyu ko uku a filasta, ko buɗe wurin akwatin soket, injin batir zai yi ba matsala. Wayarin ɗin gida guda kuwa aikin inji mai igiyar wuta ne, irin Bosch GBH 2-26 mai wat 800 ko Makita HR2470 mai wat 780, saboda haka idan kana da irinsu kada ka sayar don ka cika kuɗin na batir, ka bar shi don ranar da aikin ya kai a ɗauko janareta. Haka ramin fayif ɗin na'urar sanyaya ɗaki, wanda faɗinsa yakan kai milimita 60 zuwa 70, ya wuce abin da aka ƙayyade wa waɗannan injina da baki na yau da kullum. A bulo mai rami za ka iya zagaye wurin da ƙananan huji ka ƙarasa da cizal, amma ka kauce wa lintal da ginshiƙi tun wajen zaɓen wuri. Bulon namu ma, musamman wanda aka yi wa ƙwauron siminti, ba ya son bugu mai nauyi, yakan fashe ta baya ya bar fisha ba abin kamawa, don haka ka fara da juyawa kaɗai, sai ka ji ya ƙi ci sannan ka kunna bugu. A kan tayil ba a kunna bugu sai an wuce shi, a ginin ƙasa kuwa ba a buƙatarsa sam.

Da ni ne a matsayinka, kuɗi kuma ya kai, Makita DHR242 zan ɗauka da batura biyu masu 5.0Ah da caja mai sauri ta 230V, ko Bosch GBH 18V-26 idan shi ne na fi samun tabbacin asalinsa da na batirinsa. Idan kuɗi bai kai ba, sabon Ingco ko Total mai bakin SDS-plus, mai matsayi uku, mai bugun da ya kai 2J, da batura biyu masu 4.0Ah. Ranar saye ka tafi da bakin huda na milimita 10 a aljihu, ka roƙi a bar ka ka gwada a kan dandamalin kankare ko guntun lintal, ba a kan bulo ba, ka ji ko yana shiga da kansa ba tare da ka danna ba, ka juya maɓallin zuwa kowane matsayi ka tabbatar yana zama, sannan ka sa a jona cajar a gabanka da kowane batir. Ka ce a rubuta maka lambar siriyal ta injin da ta baturan a jikin rasit, tare da adadin kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da su idan matsala ta fito.